Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Ke Cin Guminki a Zamanin AI?

Yau ba maganar zazzaɓin yara ko abincin mai juna biyu na kawo miki ba. Wani abu ne ya same ni, na kuma ga in na yi shiru ban kyauta miki ba, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Wani dare ina aikin kwana a ɗakin mata, wajen ƙarfe biyu, na je cire wa wata mara lafiya ƙarin ruwa. Ƙanwarta mai jinyarta tana zaune a kan tabarma, ta rage ƙarar waya tana sauraren karatun littafi. Ina cikin naɗe robar sai na ji wata magana da na sani kamar yunwar cikina. Na tsaya cak. Jimla ta biyu ma na san ta. Kafin a kai ta uku, bakina ya riga mai karatun.

Na ce, "Ƙanwata, wane littafi ne wannan?"

Ta ce, "Wallahi Sista, wani labari ne mai daɗi a YouTube. Ina kashi na 14. Ko in tura miki?"

Littafina ne. Wata takwas na yi ina rubuta shi da babban yatsa a waya, wani fejin bayan yara sun yi barci, wani a cikin mota tsakanin Kiyawa da Dutse. Na sayar da shi a zauren WhatsApp, kowace mai karatu naira 500, wasu ta banki, wasu da katin waya. To ga shi an sauya masa suna, an cire nawa, an liƙa hoton wata kyakkyawar mace da ba a taɓa haifa ba. Muryar da ke karantawa ma ba ta mutum ba ce. Ba ta numfashi, ba ta gyaran murya. In ta zo kan "miyar kuka" sai ta faɗe ta kamar kukan hawaye, "ɓata" kuwa ta koma "bata".

Ban ce wa yarinyar komai ba, ba laifinta ba ne. Na koma kan teburina na duba. Waɗanda suka saurari kashi ɗaya kacal sun ninka duk waɗanda suka taɓa biyana sau da yawa. Kafin kowane kashi ya fara kuma sai an saka talla. Wato akwai mai karɓar kuɗi. Ba ni ba ce dai.

Kada ki ce ai ke ba marubuciya ba ce. In kina ƙunshi, ko ɗinki, ko girkin sayarwa, ko haɗa turaren wuta, kina kuma ɗora hoton aikinki a waya, maganar ta shafe ki. In ma ba kya sana'ar komai, kina da fuska, kina da murya, kina da 'ya'ya. Su ma yanzu sun zama hajar da ake iya ɗauka.

Mece ce wannan fasaha?

Ana kiranta ƙirƙirarriyar basira, ko a taƙaice AI. Ki ɗauka wata yarinya ce da aka zaunar tana ɗanɗana miyar mata dubu, shekara da shekaru. Ran da aka ce ta yi miya, za ta yi mai daɗi, amma ba za ta iya ce miki daddawar wance ce ko yajin wance ne ba. Haka manhajojin nan suke. An ciyar da su rubuce-rubuce da hotuna da muryoyin mutane masu ɗimbin yawa daga intanet, har suka iya kwaikwayon yadda muke rubutu, da zane, da magana.

Tun watan Nuwamba na 2022 da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT abin ya shigo hannun kowa. Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Google Translate ya saka ta tun 2013, a watan Satumba na 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka gina don ta fahimci Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Najeriya. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ɗan jiharmu ne ma yake shugabantarta, Kashifu Inuwa Abdullahi na Haɗeja.

Ni ba na gaba da fasahar. Ina amfani da ita wajen tsara jadawalin aiki da gyaran wasiƙar Turanci. Ranar da uwar da ba ta yi boko ba za ta tambayi waya da Hausa game da alamomin haɗari ga mai ciki, ta samu amsa ingantacciya, zan fi kowa murna. Tambayata ɗaya ce: waɗanda aka ci miyarsu, wa ya nemi izininsu, wa kuma ya biya su?

Tsohon ciwo ne ya samu sabuwar ƙafa

Satar fasaha ba yau ta fara cin Bahaushe ba. Iyayenmu da yayyenmu da suka kafa adabin kasuwar Kano, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, sun yi zamanin da littafi ɗaya zai zagaye unguwa a haya. Kannywood ta sha fama da masu kwafar faifai, daga baya masu tura fim a waya suka ƙarasa kasuwar faifan, har masu shirya fim suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Mu marubutan intanet kuwa mun ga yadda OkadaBooks, inda da yawa ke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Aka dawo zaurukan WhatsApp, inda mutum ɗaya za ta biya, ta tura wa mutum hamsin.

Abu biyu ne sabo. Na farko sauri. A da mai satar littafi sai ya nemo mai karantawa, ya biya ta, su kwashe makonni suna ɗauka. Yanzu zai zuba littafin a manhaja da hantsi, kafin la'asar ya samu murya da hoton bango, har da sauya sunayen taurari don kada mai shi ta gane. Na biyu ya fi tsoro: ba aikinki kaɗai ake ɗauka ba, har da ke kanki.

Gani ya daina korar ji

Makonni kaɗan bayan wancan dare aka kawo mana wata dattijuwa daga wani ƙauye a gefen Shuwarin, kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. Na gwada jininta, 190/110. Na san ta, ta daɗe tana karɓar maganin hawan jini, kuma yana yi mata aiki.

Na ce, "Inna, kina shan maganinki kuwa?"

Ta ce, "'Yar nan, ai na warke. Yarona ya sayo min wani a waya, an ce wata ɗaya ake sha a rabu da ciwon. Likita ne ya faɗa, da idona na gan shi."

Ɗan nata ya nuna min bidiyon. Mutum ne da farar riga da abin awo a wuya. Amma in kika lura, leɓensa na gaba, maganar na baya. Kwalbar kuma babu lambar NAFDAC. Sati uku Inna ta yi ba ta sha maganinta na gaskiya ba. Allah ya taƙaita, ba ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ba. Bari in faɗa miki da hular aikina: hawan jini irin na yawancin manya ba a warkar da shi da kwalba ɗaya. Lallaɓa shi ake yi da magani, da rage gishiri, da zuwa awo. Duk wanda ya ce miki wata ɗaya an gama, kuɗinki yake so.

Ba a ƙauye kaɗai abin yake ba. Fitaccen likitan nan na kafafen sada zumunta, Dakta Chinonso Egemba da aka fi sani da Aproko Doctor, ya fito ya nesanta kansa da bidiyoyin da aka haɗa da fuskarsa ana tallar magani. An yi irinsu da fuskar Alhaji Aliko Dangote da ta Dakta Ngozi Okonjo-Iweala ana kiran mutane su zuba kuɗi a harkar bogi. In an iya yi wa waɗannan, ina ga ni da ke? Hoton nas da fararen kaya ya isa a sayar da maganin ƙarya. Hoton budurwa a wurin biki ya isa a haɗa abin da zai kashe mata aure tun ba a ɗaura ba. Gajeren saƙon murya kuma ya isa a kwaikwayi muryar ɗanki, a kira ki yana kuka yana neman kuɗi.

Abin da doka ta ba ki

Da yawanmu ba mu san muna da gata ba. A watan Maris na 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Ga abin da ya kamata ki riƙe daga cikinta.

Da zarar kin rubuta labarinki, ko kin ɗauki hoto ko bidiyo ko murya, haƙƙin ya zama naki. Ba sai kin yi rajista ba. Littafi yana cikin kariya tsawon rayuwarki da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarki, wato gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci. Hoto da bidiyo shekara 50 ne. Ba wanda ya isa ya karanta littafinki a YouTube, ko ya mayar da shi fim, ko ya fassara shi don kasuwanci, sai da izininki. Sayar da haƙƙin kacokan ba ya tabbata sai a rubuce. Dokar ta kuma ba ki damar rubuta wa masu shafin intanet su sauke abin da aka sata. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ita ke kula da wannan, tana kuma da tsarin rajista ta intanet wanda ke ba ki takardar shaida. Ba dole ba ce, amma ranar rigima tana da amfani.

Sai dai ki san iyakarta. Dokar ba ta kare dabara ko salo. In kin yi labarin kishiyoyi, ba ki hana wata yin nata ba. Yadda kike haɗa miyar zogale ba naki ba ne ke kaɗai, amma bidiyon da kika ɗauka kina haɗawa naki ne. Hoto kuma a asali na wanda ya ɗauka ne, shi ya sa ya kamata ku yi magana da mai hoton biki tun kafin ranar: ba a yarda ya ɗora amarya a shafinsa don talla ba sai da izini.

Fuska da murya kuwa, wata doka ce ta fi kusa da su, Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Ta ba ki ikon janye izinin da kika bayar, da neman a goge bayananki. Ta ce kamfani ya nemi yardar iyaye kafin ya sarrafa bayanan yaro. Hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafi. Wanda kuma ya yi sojan gona da sunanki ko ya yi damfara da hotonki, Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, tana jiransa.

Ga mai tambayar matsayin addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Saboda haka gargaɗin nan da marubuta ke sakawa a saman feji, cewa ba su yafe wa mai fitar musu da littafi ba, ba rowa ba ce.

Yadda wasu suka karɓi nasu

A Amurka, 'yan wasan fim na Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 118 a 2023. Cikin abin da suka samu har da sharaɗin cewa ba za a ƙera kwafin fuskar ɗan wasa ko muryarsa da kwamfuta ba sai da yardarsa, kuma sai an biya shi. A watan Disamba na shekarar jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft kotu kan amfani da rubuce-rubucenta. A 2024 jihar Tennessee ta yi doka ta musamman da ta kare muryar mutum daga kwaikwayon na'ura. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Denmark ta bayyana shirin gyara dokarta don kowane ɗan ƙasa ya mallaki haƙƙin fuskarsa da muryarsa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na watan Satumba na 2025. Kamfanin Anthropic ya amince ya biya dala biliyan 1.5 don sasanta ƙarar da marubuta suka shigar kan littattafan da aka kwaso daga shafukan sata. Kusan littattafai rabin miliyan ne, kowanne kimanin dala 3,000. Ki lissafa da naira ki ji. Amma ga inda gizo ke saƙar: littattafan da suka shiga rabon su ne masu rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka, masu kuma lambar shaidar littafi. Darasin da na ɗauka shi ne, ranar rabo ba wanda ya fi wahala ake kira ba, wanda sunansa ke rubuce ake kira. Littattafanmu nawa ne ke yawo a WhatsApp ba lamba, ba kwanan wata, wani ma ba cikakken sunan mai shi? A Najeriya, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da lambar ISBN. Darasi na biyu, duk waɗanda suka samu wani abu a ƙungiyance suka nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rigakafi: abin da za ki fara yau

Ki ajiye shaida. Kafin ki saki labari ko zane, ki tura wa kanki ta imel, domin kwanan wata ya zauna. Kada ki goge rubutun farko, ko hoton asali da ke cikin wayarki.

Ki sa tambari a inda ba ya yankuwa. Mai ƙunshi, ki rubuta sunan sana'arki a tsakiyar hoton, a kan hannun, ba a gefe ba. Mai ɗinki, ki yi gajeren bidiyo kina juya rigar, da muryarki. Marubuciya, ki riƙa saka sunanki a tsakiyar feji, ba a sama kaɗai ba.

In kin kama ɓarawo, kada ki fara da zagi. Ki ɗauki hoton shafin, ki kwafi adireshin bidiyon, ki rubuta ranar. Sannan ki cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka. YouTube da Facebook da TikTok duk suna da shi, kyauta ne. A YouTube, tashar da ta tara gargaɗi uku na satar fasaha tana iya rufuwa gaba ɗaya, shi ya sa suke tsoronsa. Tun 2024 kuma suna karɓar ƙorafin wanda aka kwaikwayi fuskarsa ko muryarsa da AI. Ki buɗe imel na daban don wannan aiki, saboda wanda kika kai ƙara yana iya ganin suna da adireshin da kika saka.

Hotunan yara, ki rage. Ba kowane hoto ne na sitatus ba. Na wanka, da na kayan makaranta mai ɗauke da bajo, da na ƙofar gida, su zauna a waya. Ki duba wa ke ganin sitatus ɗinki. Ki zaunar da 'yan matanki ki gaya musu tun yanzu: in wani ya turo musu hoton banza da fuskarsu yana barazana, kada su biya, kada su goge saƙon, su zo wurinki. Ki yi musu alkawarin ba za ki fara da duka ba. Yarinyar da ke tsoron uwarta fiye da mai barazana, ita ce ke faɗawa hannunsa.

Ku yi kalmar sirri ta gida. Wata kalma da ku kaɗai kuka sani. Duk wanda ya kira da muryar ɗa ko miji yana neman kuɗin gaggawa, a tambaye shi. Ko ki kashe, ki kira lambar da kika sani.

Magani kuwa, kada ki saya saboda bidiyo. Ki nemi lambar NAFDAC, ki nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma kada ki ajiye wanda likita ya rubuta miki sai da saninsa.

Yadda za ki ci guminki

Kariya kaɗai ba ta cika tukunya. In akwai masu son jin labarinki har wani ya ga riba a satarsa, to akwai kasuwa. Ki riga shi shiga.

Ki buɗe tasharki, ki karanta da bakinki. YouTube na fara raba kuɗin talla da tashar da ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗin talla tun tsakiyar 2024. Ba sai kin nuna fuska ba. Kina da abin da na'ura ba ta kai ba tukuna: kin san inda ake jan numfashi, kin san bambancin kukan hawaye da kukar miya, kin san yadda uwar miji ke cewa "to" a gane ba "to" take nufi ba.

In wata tasha ta nemi littafinki, haya za ki ba ta, kada ki sayar da gonar. Ku rubuta, ko da a takarda ɗaya ce da shaidu biyu: wane littafi, a wace tasha, na tsawon wane lokaci, nawa za a biya, kuma sunanki zai fito a kowane kashi. Ki ƙara layi biyu da zamani ya kawo: ba a yarda a karanta da muryar na'ura ba sai da izininki, ba a kuma yarda a miƙa rubutun ga wani don horar da manhaja ba. Haƙƙin fim da na fassara su zauna a hannunki. Ki tuna Alhaki Kuykuyo Ne ya zama fim, a 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, fiye da shekara 20 bayan fitowarsa. Ba ki san inda naki zai kai ba.

Yanzu kuma ana yawan neman masu Hausa su karanta jimloli a waya a biya su, don koya wa manhaja harshen. Sana'a ce, ba laifi. Amma kafin ki karɓa ki tambaya: me za a yi da muryar? Gane magana za a koya wa na'ura, ko ƙera murya mai kama da tawa? Har zuwa yaushe? Za a sayar wa wani? Zan iya janyewa? In sun kasa amsawa a rubuce, ki haƙura. Akwai kuma na sa kai, irin Common Voice na Mozilla, inda ake bayar da murya kyauta kowa ya yi amfani da ita. Wannan kamar sadaka ce ga harshe. In za ki yi, ki yi da saninki.

Ki shiga ƙungiya. Marubuta na da ƙungiyoyinsu, masu ɗinki da masu kwalliya ma haka. Ƙorafin mutum ashirin ya fi na mutum ɗaya nauyi, kuɗin lauya ɗaya kuma in an raba ba ya karya kowa. Ki kuma gwada gasa mai mutunta suna, irin Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016.

Yadda tawa ta ƙare

Da na bincika, tasha uku na samu da littafina. Na cike fom a kan dukansu, na haɗa da hoton ranar da na fara sakin feji na ɗaya.

Ta farko an sauke bidiyoyin, ban sake jin ɗuriyarta ba. Ta biyu ma an sauke, amma bayan wata guda na ga labarin ya ɓullo a wata sabuwar tasha da wani sunan. Har yau muna wasan ɓuya. Ba zan yi miki ƙarya in ce fom yana gama komai ba.

Mai ta ukun shi ya rubuto min. Yaro ne matashi, ya gama karatu ba aiki. Ya ce, "Anti, don Allah ki yi haƙuri ki janye. Wallahi a wani zaure na tsinci littafin, ba suna a jiki. Da tashar nan nake saya wa mahaifiyata magani."

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Na san kuɗin maganin uwa, kullum ina ganin masu kasa biyansa. Amma ni ma da kuɗin littafin nake biyan kuɗin makarantar 'yata. Na ce masa zan janye bisa sharaɗi: ya goge na na'urar, ni zan karanta da bakina, sunana ya fito, mu raba abin da ya shigo, na shekara ɗaya, a rubuce. Ya yarda. Yayana da wani malaminsa suka sa hannu a matsayin shaidu. Abin da ke shigowa ba yawa, wani watan bai wuce kuɗin data da na omo ba. Amma yanzu in mai jinya ta kunna labarin a ɗakin mata, muryata ce, kuma tana jin sunan mai shi.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda ya faɗa: a wani zaure ya tsinta, ba suna. Wato kafin na'ura ta taɓa littafina, wata 'yar'uwata ce, wadda ta biya naira 500, ta goge sunana ta tura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka, uwargida, kafin ki tura littafin kuɗi a zauren 'yan ajinku, ko ki ɗauki hoton ƙunshin wata ki ce naki ne, ko ki yaɗa bidiyon likitan da ba ki tantance ba, ki tuna akwai wata a can ƙarshen, wataƙila tana aikin kwana, wataƙila tana goye.

Ke fa, an taɓa ɗaukar miki hoto, ko rubutu, ko murya ba da izininki ba? Yaya kika yi? Ki ba mu labari a ƙasa, amma kada ki saka sunan kowa ko lambar wayarsa. Wata za ta ƙaru da ke. Allah ya sa mu ci guminmu da halal, ya tsare mana mutuncinmu da na 'ya'yanmu.